Cajin abin hawa na lantarki a Damagaram: a fara da ɗan kabu-kabu

A watan Maris na 2025, lokacin da ƙarancin esansi ya game ƙasar Nijar, na ga layin babura da adaidaita ya fito daga gidan mai, ya bi gefen titi har ya sha kwana, mutane na tsaye cikin rana da azumi a bakinsu. Yawancin waɗanda ke cikin layin nan ba masu yawon shan iska ba ne. Ƴan kabu-kabu ne da masu adaidaita, waɗanda idan suka wuni ba su ɗauki fasinja ba, to ranar nan tukunya ba za ta hau murhu a gidajensu ba. Wani matashi da ya saba kai ni kasuwar Dole ya gaya mini cewa ya yi rabin yini a layi, sannan ya ƙare da sayen kwalbar ruwa-ruwa, wato esansin ƴan tebur, a bakin hanya da kuɗin da ya cinye ribar yininsa duka. Tun daga ranar nake tunanin wani abu guda: ranar da ke ƙona waɗannan bayin Allah a layin mai, ita ce kuma za ta iya tafiyar da baburansu, da a ce akwai wurin da za su tsaya su cika batir.

Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da Damagaram da ƙananan garuruwan da ke kewaye da ita za su fara tanadin wuraren cajin abin hawa na lantarki waɗanda kowa zai iya zuwa ya biya ya yi caji. Sai dai ina ganin idan muka kwaikwayi yadda ake yi a Turai ko a Sin, inda ake kafa manyan na'urori domin motocin gida, za mu zubar da kuɗi ne mu kuma ƙara wa talaka duhu. Namu ya kamata ya fara daga babur da adaidaita, ya dogara da hasken rana, ya kuma zauna a tasha da bakin kasuwa.

Na san abin da mutane da yawa za su ce, domin an sha faɗa mini shi a majalisa: garin da wutar fanka ma ba ta ishe shi ba a lokacin bazara, ina shi ina maganar cajin mota? Wannan magana tana da nauyi, kuma duk wanda ya yi watsi da ita bai san garin ba. Shekaru da dama babban kason wutar da Maraɗi da Damagaram ke sha yana zuwa ne daga Najeriya, ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya ta yanke wutar a farkon watan Agusta, ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar ke amfani da ita daga can take zuwa. Duk wanda ya zauna a Birni ko Zango ko Sabon Gari a waɗannan watanni ya san yadda tela da mai walda da mai sayar da ƙanƙara suka ji a jikinsu. Ban da wannan, a ƙasar baki ɗaya kusan mutum ɗaya ne cikin biyar yake da wutar lantarki a gidansa. Saboda haka mai wannan ƙorafi gaskiya yake faɗa.

Idan ma aka duba lissafin, ƙorafin ƙara ƙarfi yake yi. Na'urar cajin mota cikin sauri, irin wadda ake gani a manyan hanyoyin Turai, mafi ƙanƙantarta tana jan kilowat 50, wasu kuma suna kai 150 ko fiye. Gidan talaka mai ƙwan fitila da fanka biyu da talabijin da ƙaramin firji ba ya kai kilowat ɗaya a lokaci guda. Ke nan mota ɗaya tak da ke caji a irin wannan na'ura tana shan abin da ya fi na gidaje 50. Idan aka ɗora wannan nauyi a kan layin wata unguwa a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma kowa ya kunna abin da yake da shi, wutar unguwar ce za ta faɗi, kuma mai jego da jariri da tsoho mai hawan jini su ne za su biya kuɗin jin daɗin mutum guda. Ni kam ba na goyon bayan a ɗauki wutar gidaje a ba mota, kuma duk shirin da bai fara da wannan sharaɗi ba, ban ga dalilin karɓarsa ba.

To amma wa ke bukatar wurin caji na jama'a? Alhajin da zai iya sayo motar lantarki daga Sin ko Dubai ba ya bukatarsa sosai, domin yana da gida mai katanga, da wutar kamfani, da janareta, watakila har da farantan hasken rana a kan rufi. Zai jona motarsa da dare ya wayi gari ta cika. Wanda ba shi da wannan gata shi ne yaron da ya baro ƙauye ya kama hayar ɗaki a gidan da babu wuta, ko gidan da mutum goma ke raba kuɗin wuta ɗaya kuma mai gida ba zai yarda a jona babur ba. Shi ne kuma wanda ya fi kowa ƙona esansi a kowace rana, domin daga asuba zuwa dare yana kan titi. Idan babu wurin da zai yi caji a waje, to an rufe masa ƙofar babur na lantarki tun kafin ya isa bakinta, komai arhar babur ɗin.

Mun riga mun ga irin wannan a kan wayar salula. Wayoyi sun shiga ƙauyukanmu tun kafin wutar lantarki ta je, kuma abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne mai rumfar caji, wanda ya ajiye ƙaramin janareta ko farantin rana a bakin kasuwa, yana karɓar ƴan daloli a kan kowace waya. Babu wanda ya jira sai an ja waya zuwa kowane gida. Abin da nake kira gare shi ɗan'uwan wannan rumfa ne, sai dai ya fi ta girma, ya fi ta haɗari idan aka yi sakaci, don haka yana bukatar tsari da sa idon hukuma.

Ga lissafin da ya sa na gamsu. Tun watan Yuli na 2024 gwamnati ta sauke farashin litar esansi daga sefa 540 zuwa 499, wato dala ɗari babu sefa ɗaya. Ƙaramin babur irin na kabu-kabu yana shan lita biyu zuwa biyu da rabi a tafiyar kilomita 100, ke nan jaka guda zuwa jaka da dala hamsin, ban da baƙin mai da ake canzawa a kai a kai, da fulogi, da sauran ƙananan gyare-gyaren inji. Babur na lantarki mai irin wannan girma yana cin wajen kilowat-awa uku zuwa huɗu a wannan tafiyar, kilowat-awa kuwa shi ne ma'aunin da ake lissafa kuɗin wuta da shi. Ko da mai wurin caji ya sayar da kowane ɗaya a kan sefa 150 domin ya fitar da kuɗin kayansa da ladan ma'aikaci, tafiyar ba za ta wuce sefa 600 ba. Bambancin ƴan ɗaruruwan sefa a rana ba komai ba ne ga mai albashi, amma ga ɗan kabu-kabu shi ne kuɗin tiyar hatsi, kuma idan ya taru a wata shi ne kuɗin haya. Abin da ya fi arhar muhimmanci a wurina shi ne tabbas: farashin ba zai tashi don an rufe iyaka ba, ba kuma zai tashi don tankar mai ta makale a hanya ba.

Ta ɓangaren samar da wutar ma abin bai fi ƙarfin ƙaramin gari ba. A ƙasa mai rana irin tamu, farantan da ƙarfinsu ya kai kilowat ɗaya suna ba da kilowat-awa huɗu zuwa biyar a yini. Wurin da zai cika batir 30 a rana, kowane ɗaya kilowat-awa uku, yana bukatar wajen kilowat 20, wato faranti 40 na zamani, waɗanda za su zauna a kan rumfar da ba ta fi ƙaramin fili ba, rumfar kuma ta zama inuwa ga masu jira. Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce a wannan fanni, domin tun 2018 tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 take aiki, ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30 kuma ta fara ba da wuta a 2023. A cikin garin nan ma ana sayar da faranti da batir a shaguna, akwai kuma samarin da suka iya ɗora su. Habasha, wadda ta hana shigo da ƙananan motoci masu amfani da mai a 2024, ta iya yin haka ne don tana da babbar madatsar ruwa da ke ba ta wuta mai yawa. Mu namu madatsar ta Kandaji tana can yammacin ƙasa, ba a kammala ta ba tukuna, don haka abin da ke hannunmu yau a nan gabas shi ne rana.

Inda maganar ta fi wuya, inda kuma na fi so a tsaya a yi tunani, shi ne ƙananan garuruwa. A cikin birnin Damagaram, ko ba jima ko ba daɗe wani ɗan kasuwa zai buɗe wurin caji idan ya hango riba. Amma rayuwar wannan birni ba a cikin ganuwarsa take tsayawa ba. Kayan lambu da rake da kaji da awaki suna shigowa daga Mirriya da Gidimuni da ƙauyukan kudu, majinyata suna zuwa babban asibiti daga nesa, ɗalibai suna komawa gida hutu, ƴan kasuwa suna bin kasuwannin mako daga wannan gari zuwa wancan. Batir ɗin babur na lantarki yakan kai mutum kilomita 60 zuwa 80, kuma idan an ɗora kaya ko an shiga yashi, tafiyar raguwa take yi. Mirriya, da ba ta kai kilomita 20 ba, ana iya zuwa a dawo da caji ɗaya. Takeita, wadda ke wajen kilomita 50 a mararrabar hanyar Maraɗi da ta Matamaye, ana iya zuwa, amma dawowa sai da caji. Matamaye da Magarya sun ɗan wuce iyakar abin da batir zai iya, Tanut da Gure kuwa sun yi nisa ƙwarai. Mai babur ɗin esansi bai taɓa damuwa da wannan ba, domin a kowane ƙauye akwai mai kwalba a gindin bishiya. Muddin babu makamancin wannan ga mai lantarki, babu mai hankalin da zai sayar da babur ɗinsa ya sayi wanda zai iya mutuwa da shi a tsakiyar daji da matar aure a baya.

A nan ne kasuwa kaɗai ba za ta iya warware matsalar ba. Ɗan kasuwa ba zai kawo babura ba sai ya ga wurin caji, mai jari kuma ba zai gina wurin caji a Takeita ba sai ya ga babura suna wucewa, kowa na jiran kowa. Dole wani ya fara sa ƙafa, kuma a ganina ma'aikatun magajin gari ne ya kamata su fara, tare da ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu da na masu adaidaita. Ba ina cewa magajin gari ya zama mai sayar da wuta ba ne. Abin da yake da shi wanda ɗan kasuwa ba shi da shi shi ne fili a bakin tasha da bakin kasuwa, da ikon rage haraji na wasu shekaru, da ikon gindaya sharaɗi: duk wanda aka ba fili mai kyau a cikin birni, to ya ɗauki nauyin buɗe ƙaramin wuri a ɗaya daga cikin garuruwan kan hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma babura da adaidaita na lantarki suna ta ƙara arha a Sin, za su iso mu ko mun shirya ko ba mu shirya ba.

Wata dabara da ta dace da mu ita ce musayar batir. A Benin da Togo kamfanin Spiro yana tafiyar da dubban babura a kan wannan tsari, haka ma Ampersand a Ruwanda: mai babur ya zo da batir ɗin da ya ƙare, ya ajiye, ya ɗauki cikakke, ya biya, ya wuce cikin ƴan mintuna. Wannan ya warware abu biyu a lokaci guda. Na farko, ɗan kabu-kabu ba zai zauna awa biyu ko uku yana kallon fasinja na wucewa ba. Na biyu, batura suna cika a hankali da tsakar rana lokacin da farantai ke ba da wuta sosai, sannan a yi amfani da su da yamma da dare. Ƙari a kan haka, batir shi ne mafi tsada a jikin babur, idan kuma na kamfani ne, kuɗin sayen babur ɗin yana sauka zuwa inda talaka zai iya kaiwa. Amma tsarin yana da tarko, domin batir ɗin wannan kamfani ba ya shiga babur ɗin wancan, kuma wanda ya sayi babur ya zama ɗaurarre a hannun kamfani guda, duk farashin da aka yanka masa sai ya biya.

Ba sai an yi wa Badamagare dogon bayani a kan wannan tarko ba, domin ruwa ya riga ya koya mana. Garin nan a kan dutse yake zaune, ruwansa daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram ake jawo shi, kuma kowa ya san cewa idan bazara ta yi tsanani, wanda ba shi da famfo a gida, mai sayen jarka a hannun ƴan ga-ruwa, shi ne yake biyan kuɗin da ya ninka na mai famfo. Abin da kowa ke bukata, idan ya shiga hannun mutane kaɗan babu ka'ida, talaka ne yake sayensa da tsada. Don haka tun kafin a kafa wurin farko ya kamata a rubuta ka'idojin. A kafe farashi a allo inda kowa zai gani, da Hausa da Faransanci, a kuma auna wutar da na'ura maimakon a yi ciniki da ido. A karɓi tsabar kuɗi, domin ba kowa ne yake da babbar waya ko asusun tura kuɗi ba, kuma wurin da sai da manhaja ake biya ya riga ya kori rabin mutanen da aka gina shi dominsu. A tilasta wa duk wurin da ya zauna a filin gwamnati ya ajiye soket na gama-gari, wanda kowane irin babur ko adaidaita zai iya jonawa da cajarsa, ko da akwai musayar batir a gefe. Hukumomin ƙasa kuma, tun yanzu da abin bai yi yawa ba, su zaɓi irin bakin cajin da za a amince da shi, domin motocin Sin da na Turai da na Japan kowanne da irin nasa, kuma idan aka bari suka cakuɗe, gyaran zai yi tsada.

Akwai matsalolin da yanayinmu ke kawowa waɗanda takardun kamfanoni ba sa yawan ambata. Zafi maƙiyin batir ne, yana rage masa kwana, kuma batir maras kyau da aka yi wa caji cikin tsananin zafi yana iya kamawa da wuta, wutar da ke da wuyar kashewa. Wanda ya taɓa ganin gobarar kasuwa ba zai so a jera batura a rumfar zana kusa da masu sayar da atamfa ko kwalaben esansi ba. Wurin caji yana bukatar ginin da iska ke ratsawa, da tazara daga rumfuna, da mutumin da aka koya wa aikin. Ƙurar hunturu kuma tana rufe farantai ta rage wutar da suke bayarwa, sai an riƙa share su, a garin da ruwan sha ma ke wuya. Sannan batir yana mutuwa bayan wasu shekaru, kuma idan ba a ɗora wa mai shigo da shi alhakin karɓar matacce ba, a bola zai ƙare inda yara ke wasa. Waɗannan duka ana iya shawo kansu, amma sai an sa su cikin lissafin kuɗi tun farko. Mun ga fitilun kan titi masu aiki da hasken rana da aka kafa da biki, bayan ɗan lokaci suka mutu ɗaya bayan ɗaya don babu wanda aka ɗora wa kula da su, kuma ba na so wurin caji ya bi sahunsu. Jami'ar André Salifou da makarantun koyon sana'a na garin nan suna iya horar da masu gyara, kuma kanikawan babur da ke bakin titi su ne ya kamata a fara kira, domin sana'arsu ce za ta canza.

Wani dattijo da nake girmamawa ya tambaye ni ko wannan ba zai zama yankan ƙauna ga matatar man da ke jiharmu ba. Na ce masa, Baba, ban ga haka ba. Matatar SORAZ, wadda aka buɗe a watan Nuwamba na 2011 a kan hanyar Tanut, an gina ta ne don tace ganga 20,000 a rana, kuma bukatar ƙasar ta ƙaru tun daga lokacin, musamman bayan Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuma man da ke tsallako iyaka da arha ya ragu. Manyan motocin da ke zuwa Agadas da Difa, da injinan ban ruwa, da janaretocin asibitoci, duk za su ci gaba da shan mai na tsawon shekaru. Kowace litar da babur bai ƙona a cikin gari ba, ta rage ne ga waɗanda ba su da wata mafita. Masu sayar da ruwa-ruwa ma, da yawansu samari ne da ke neman abin kai wa baki, kuma mutumin da ya iya tsare tebur a bakin hanya daga safe zuwa dare zai iya tsare rumfar batir idan aka koya masa.

Da za a nemi shawarata a kan inda za a fara, da na ce hanyar Mirriya. Gajera ce, kwalta ce, ba ta rabuwa da babura da adaidaita, kuma ko batir ya ƙare wa mutum a tsakiya bai shiga halaka ba. A kafa rumfa ɗaya a tashar da ake hawa zuwa can, ɗaya kuma a bakin kasuwar Mirriya, kowace da farantanta da baturanta, ba tare da an taɓa layin unguwa ba. A ba ƴan kabu-kabu ashirin ko talatin babura bashi ta hannun ƙungiyarsu, su riƙa biya kullum daga abin da suka rage na kuɗin mai. Sannan a bar abin ya ratsa hunturu ɗaya da bazara ɗaya da damina ɗaya, ana rubuta batura nawa aka cika, nawa suka lalace, kwana nawa rumfar ta tsaya, da abin da ya rage a aljihun kowane mai babur a ƙarshen wata. A karanta wannan lissafi a gidajen rediyon garin da Hausa, yadda ɗan kabu-kabun Takeita da na Matamaye za su ji da kunnensu, su yanke wa kansu ko suna so a kawo musu rumfa ta uku.